Wa Ya Ajiye Mana Sakamakon Damben Shago?

Tun kafin a kafa UFC a 1993, mutanen Bakura, Mafara da Maradun sun iya hasashen faɗa. Da kaka mahauta kan kafa fage. Kalangu na tashi, 'yan kallo su rabu, kowa da wanda ya ba kisa. Shago na 'Yar Kofoji aka fi ba.

Matsalarmu, mu masu son rubuta tarihinsa, sharhin bayan wasa a bakin Ɗan Anace ya rage mana. Shi kuwa mawaƙi ne mai kambama gwaninsa, ba alƙali ba. Turmi nawa Shago ya yi da Ɗandunawa? Wa ya kai ƙasa? Sai mun je 'Yar Kofoji mun tambayi dattawan da suka tsaya a fagen, tun suna raye.