Yadda Aka Gano Dalilin da Ɓera Ke Gudun Guba

A ƙasar Yawuri, duk wanda ya taɓa jibge buhunan shinkafa ko busasshen kifin tafkin Kainji ya san wannan takaici. Ka zuba shinkafar ɓera da daddare, da safe ka kwashi gawa biyu ko uku, daga nan sauran su riƙa kewaye ta kamar an yi musu kashedi. Manomin Ngaski ko Shanga da ya ce ɓera ya waye bai yi ƙarya ba.

Ɓera ba ya iya amai, don haka baƙon abinci lasa yake yi kaɗan ya dakata. In cikinsa ya murɗa bai mutu ba, ya riƙe ɗanɗanon nan ke nan. Masu haɗa maganin ɓera sun daɗe suna fama da wannan hali, har 1948, lokacin da aka fito da warfarin daga binciken Karl Paul Link a Jami'ar Wisconsin ta Amurka. Shi wannan magani jini yake hana daskarewa, kuma sai an yi kwanaki yake kama jiki, ɓera ya ci ya ƙara bai zargi komai ba.

Cikakken bayani ya zo daga John Garcia. A 1955, yana aiki a ɗakin bincike na sojan ruwan Amurka a San Francisco, ya shayar da ɓeraye ruwan sakarin mai zaƙi, yana kuma haska musu tururin nukiliya mai tayar da zuciya. Sau ɗaya ya isa: suka ƙaurace wa ruwan zaƙin makonni. A 1966 shi da Robert Koelling suka ƙara nuna cewa ɓera yana danganta ciwon ciki da ɗanɗano, amma zafin wutar lantarki da haske ko ƙara yake danganta shi.

Masana sun yi taurin kai, kuma a ganina sun zalunci Garcia. Tun daga gwajin da masani Pavlov ya yi da karnuka, sun haƙiƙance cewa dabba ba ta koyo sai an maimaita, kuma sai sakamako ya biyo cikin daƙiƙoƙi. Ga Garcia yana cewa ko ciwon ya yi jinkirin sa'o'i, ɓera zai tuna abin da ya ci.

Shi ya sa a yau masana aikin gona ke cewa, in gubar mai saurin kisa ce, a fara ajiye tsabar hatsi zalla na 'yan darare har ɓeraye su saki jiki, sannan a sa maganin, nesa da yara da kaji.