Majigi da Sinima a Bakin Mutanen Ƙasar Gaya

Gaya tsohon gari ne a gabashin Kano, tafiyar kamar mil 40 daga birni in an haye gadar Wudil. Masu tarihi sun ce daga nan Abagayawa, maƙeran nan na farko, suka tashi suka tafi gindin Dala neman tama. Ajingi kuwa tana arewa da ita kaɗan, mutanensu ɗaya, nomansu ɗaya, watau gero da dawa da wake da gyaɗa. A zamanin En'e duk faɗin ƙasar nan ba gidan sinima ko ɗaya, ba lantarki. Amma wannan bai hana mutanenta sanin labarin sinima ba, bai kuwa hana su yin gardama a kansa ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A wannan sha'ani dai ji shi ya kan riga gani isowa ƙauye, kuma sau da yawa shi ke yanke hukuncin ko za a je a gani ko ba za a je ba.

Abin da suka fara gani da idonsu shi ne majigi. Asalin sunan daga Turanci ne, daga wata fitila ta dā mai haska hoto a jikin bango. Wanda ya kafa harsashin aikin a Nijeriya wani Bature ne ma'aikacin lafiya a Ikko, sunansa William Sellers. Tun wajen 1929 ya ke nuna wa jama'a hotuna masu motsi a kan ɓera da annobar da ya ke kawowa. Da aka ga abin ya yi amfani, a 1939 Gwamnatin Ingila ta buɗe ofis musamman a Landan ta ba shi riƙo, don a riƙa shirya irin waɗannan hotuna ana aikawa ƙasashen da ke ƙarƙashinta. Bayan yaƙin Hitila motocin majigi suka yawaita a Jihar Arewa, suna bin gunduma gunduma.

Zuwan majigi gari ba da ka a ke yinsa ba. Takarda ke fitowa daga ofishin Gwamnati, ta bi ta ofishin En'e a birni, ta isa hannun hakimi. Malamin hakimi ya karanta, a aika wa dagatai, dagatai su gaya wa masu unguwa, sa'an nan mai shela ya bi gari. Ashe ke nan tun mota ba ta iso ba magana ta riga ta bi baki biyar ko shida, ko wane baki kuwa da ɗan gishirin da ya ƙara. Da la'asar mota ta iso, yara na biye da ita a guje. A kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, bayan lisha a ta da inji. A kan fara da labarun duniya, irin su zuwan Sarauniyar Ingila a 1956 da hawan dabar da aka yi mata a Kaduna, ko rangadin Sardauna, ko bikin mulkin kai na 1960. Daga nan a shiga koyarwa: lambar agana, tsabtar rijiya, takin zamani, yaƙi da jahilci. A cikin irin waɗannan ne Baban Larai ya yi suna, wanda aka shirya don koyar da noman auduga. A kan haɗa kuma da abin ban dariya don kada jama'a su watse, galibi na Baturen nan Cali Caplin, wanda har sunansa ya zauna a Hausa, a ke ce wa mai wasan ban dariya cali.

To, amma mutumin da ya fi kowa iko a daren majigi ba shi ke cikin hoton ba. Shi ne mai bayani. Yawancin hotunan ba su magana da Hausa, waɗansu ma ba su magana ko kaɗan. Saboda haka mutum guda ke riƙe da lasifika yana faɗa wa jama'a abin da su ke gani. In gwani ne, ya san inda zai saka karin magana da inda zai yi ba'a, ya kan mai da darasin tsabta ya zama hira mai daɗi. In kuwa ba gwani ba ne, ko da hoton ya kai ina kyau, sai a ji manya suna tashi ɗaya ɗaya, a bar yara da sauro.

A kan umurci ma'aikatan majigi su rubuta rahoto, su faɗi yawan waɗanda suka taru, da yadda suka karɓi abin. Sai dai rahoton gaskiya ba shi ne wanda ke komawa ofis ba. Wannan kashegari a ke yinsa, a majalisar ƙofar gida, da bakin rijiya, da rumfar mahauta. Manomi ba ya kallon hoton noma yadda Bature ya ke so ya kalla. Ƙasar ya ke dubawa, ya ga ko irin jigawarsa ce. In wani dattijo ya ce ai waccan ƙasa ba irin ta Gaya ba ce, abin da ya yi a can ba zai yi a nan ba, to, darasin ya mutu ke nan, ko da mota za ta dawo sau uku. In kuwa wanda a ke ganin girmansa ya ce shi ya gwada takin nan a gyaɗarsa ya ga amfani, sai malamin gona ya ga mutane a ƙofarsa. Gwamnati ta sayi mota da inji da mai, amma ba ta da ikon sayen wannan magana guda.

Duk da haka majigi bai sha suka ƙwarai ba, gama ta ƙofar sarauta ya shigo. Kyauta ne, a fili a ke yinsa, hakimi yana zaune, uba yana ganin ɗansa.

Sinimar birni kuwa dabam ta ke. Kwarori, watau mutanen Labanan, su suka kawo ta Kano don neman kuɗi. An buɗe Rex a 1937 a bayan ganuwa, waɗansu gidajen suka biyo baya. Da kuɗi a ke shiga, da dare, maza da mata a wuri guda, ga shi ba nisa da gidajen giya na Sabon Gari. Mutanen birni suka sa mata suna dodon bango, malamai da yawa suka ce wurin taruwar 'yan iska ne. Ana cikin haka, ran 13 ga Mayu, 1951, wuta ta tashi a gidan sinimar El Duniya ana tsakiyar kallo, mutum 331 suka hallaka. Gwamnati ta sa aka yi bincike, amma kafin binciken ya fito jama'a sun riga sun yanke nasu hukunci, da yawa suka ce horon Allah ne. Labarin ya bi motocin kasuwa da fatake ya shiga ko wane lungu na lardin. Da aka buɗe Palace a 1952 a cikin birni, kusa da Kasuwar Kurmi, har jifar masu zuwa kallo aka riƙa yi. Daga baya aka mai da gidan asibiti.

Mai karatu zai ce, to, da wannan mugun suna, ta ina sinima ta sami hanyar zuwa Gaya da Ajingi? Ta hannun 'yan cin rani. In an gama kaka, an kai amfani rumbu, samari su kan tafi Kano neman kuɗin aure da na haraji. Wani ya yi dako, wani ga-ruwa, wani ya yi aikin ɗora buhunan gyaɗa a dala. A cikinsu ba a rasa wanda zai tsame 'yan kwabbai ya shiga kallo. Daga ƙarshen shekarun 1950 kuwa fina-finan Indiya suka fara cin kasuwa, suka sha gaban na Amurka a wurin Hausawa. Da bazara ta ƙarato samarin su komo gida da tufa sabuwa, da labari.

Ba abin mamaki ba ne da labarun Indiya suka zauna a kunnen manomi. A dubi Mother India, wanda aka yi a 1957, aka yi ta maimaita shi a gidajen sinimar Arewa shekara da shekaru. Labarin wata mata ce manomiya. An ci bashi don bikin aurenta, mai bashin ya riƙa kwashe amfanin gonar ko wace kaka, bashi kuwa bai ƙare ba. Mijin ya rasa hannuwansa a wajen aiki, kunya ta sa ya bar gida. Ambaliya ta zo, yunwa ta biyo. Matar ta ja garma da kanta ta reni 'ya'yanta, daga ƙarshe ta harbe ɗan cikinta don ya tasam ma keta mutuncin 'yar mutane. Wanda ya taɓa cin dami ɗaya da damina ya biya biyu da kaka ba ya bukatar jin Indiyanci kafin ya gane wannan labari. Shi ma mai ba da labarin ba ya jin Indiyanci. Abin da ya gani da ido ya ke ɗinkewa da nasa hankali, ya cike gurbin da abin da ya sani na gida. Samari biyu su kan kalli fim guda su kawo labari biyu, a kwana ana musu a dandali. Sunayen 'yan wasan ma sai da aka sake musu yanka. Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, daga baya can Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. In an ce wa mutum fim ɗin Sarkin Ƙarfi ne, an gama ba shi shawara.

Amma fa ba da wannan shawara yana da haɗari. Wanda ya ce fim kaza ya yi kyau, ya shaida da bakinsa ke nan cewa ya shiga gidan sinima. Ran da ya je neman aure, iyayen yarinya suka aika a binciki halinsa, kalma guda ta isa ta ɓata al'amari. Don haka ba a yin hirar a gaban manya, kuma mai wayo ya kan ce wani abokinsa ne ya ba shi labari. Abokan nan da ba a taɓa gani ba sun sha kallo ƙwarai a Kano.

Talabijin shi ya fara sassauta abin, don ya kawo kallo gida. An fara shi a Kaduna a 1962, Kano ta sami tasharta a shekarun 1970, a 1982 kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe CTV 67. Mai hali ya kan fito da akwatinsa ƙofar gida, unguwa ta taru a kalli Samanja ko Ƙarkuzu. Tun da kowa ya gani tare, ba sauran ɓoyo, dattijo ma ya kan faɗi ra'ayinsa.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset, shi a ke lissafawa farkon finafinan Hausa na bidiyo. Ba a daɗe ba shagunan hayar kaset suka bazu har garuruwan karkara. A nan mutanen gabashin Kano suka sami nasu, watau Rabilu Musa Ibro, mutumin Ɗanlasan ta ƙasar Warawa, maƙwabciyarsu. Ya yi aikin gandiroba kafin wasa ya ɗauke shi. Ya kan fito a baƙauyen da ya shiga birni ya rikita shi, da irin maganar da a ke ji a kasuwar Wudil. Waɗansu suka ce ba'a ya ke wa mutanen ƙauye, waɗansu suka ce a'a, 'yan birni ya ke tona wa asiri. Har ya rasu a watan Disamba na 2014 ba a raba wannan gardama ba.

A zamanin kaset ne shawara ta koma sana'a. Matar aure ba ta zuwa shago, yaro ta ke aika da kuɗi ta ce a ba shi mai kyau. Mai shago shi zai zaɓa, ya san gidan wane ne, ya san akwai 'yan mata a ciki ko babu. In ya aika da mai rawar da ba ta dace ba, mai gida ya shigo ya tarar, ba ɗan wasan da ke Kano za a je wa ba, shi za a zo wa. Waɗanda suka iya karatu kuma suka sami wata hanya. A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim, masu karatu suka riƙa aika wasiƙu suna yabo suna suka, a buga da sunan mutum da garinsa. Saurayin dā yana ɓoye cewa ya yi kallo, ga ɗansa yana sa hannu a ƙarƙashin ra'ayinsa.

Hukuma ma ta shigo. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, ba a sayar da fim sai da izininta. Amma hatiminta bai taɓa kai maganar mumbari da ta majalisa nauyi ba. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta yi shelar za ta gina wa 'yan fim unguwa tasu a Kofa ta ƙasar Bebeji. Malamai suka yi huɗuba a kai, jama'a suka ɗauka, cikin 'yan kwanaki aka janye maganar.

Yanzu kaset ya wuce, faifan da ya gaje shi ma ya ja baya. Tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ta kawo wasanni masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, waɗansu kuma a YouTube a ke sakinsu mako mako. Finafinan Indiya an koma juya su da Hausa, kamfanin Algaita ya yi suna a kan haka, mai fassara yana saka barkwancinsa yadda mai bayanin majigi ya ke yi a dā. Sai dai kuɗin intanet ya yi wa talakan ƙauye tsada. Saboda haka a kasuwannin ƙasar Gaya da Ajingi, kamar sauran kasuwannin karkara, akwai masu turi, watau samari masu kwamfuta da ke zuba wa mutum fim a waya ya biya 'yan kuɗi kaɗan. Da yawa daga cikin masu zuwa ba su zo da sunan fim ba. Mutum ya kan miƙa wayar ya ce a sa masa masu kyau, ya faɗi ko shi zai kalla ko iyali zai kai wa, sa'an nan ya tafi cefanensa. In ya dawo ya karɓa ba ya dubawa, sai ya isa gida. In abin da aka zuba bai yi masa ba, kasuwa mai zuwa rumfar kusa zai kai wayarsa.