Wasan Samaru

Baƙi ne suka cika Samaru: leburorin gonar gwaji, masu gadi, masu dafa wa malamai abinci, kamar yadda jirgin ƙasa ya tara mutanen Sabon Gari. Bayan da Michael Etherton ya soma koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Samaru a 1975, sai ɗalibai suka riƙa bin lungu-lungu suna sauraren koken mazauna, na kwatami da ƙarancin ruwa, su mayar da shi wasa, su yi a bakin titi. Na taɓa ganin mai ga-ruwa ya sauke garwa yana gyara wa ɗalibi saɓa sanda. Aibin tsarin a ganina, ɗalibi ya samu maki ya wuce. A wasan da aka yi a ƙauyen Bomo kuwa, manoma aka bari suka shiga fage da kansu.