Gatarin Amalanke: Tarihin Ƙarfen da Ke Ɗauke da Amfanin Gonar Zuru

Idan kaka ta yi, aka fara kwaso dawa da masara daga gonaki zuwa kasuwannin Bena da Ribah da cikin garin Zuru, wanda ya ga amalanken shanu tafe da buhuna idonsa kan tsaya a kan bijiman ko a kan tulin kayan. Ba kasafai ake sunkuyawa a leƙa ƙarƙashi ba, alhali a can ne hukuncin tafiyar yake. Sandar ƙarfen nan da ta ratsa daga ƙafa zuwa ƙafa, wadda makanikai ke kira gatari, da boris ɗin da ke cikin cibiyar kowace ƙafa, su ne ke faɗin nawa shanu za su iya ja, da tsawon tafiyar da za su yi kafin su sare. A mafi yawan amalanken Arewa gatarin nan na wata matacciyar mota ne da aka ciro aka liƙa wa akwatin katako. Ra'ayina shi ne tarihin keken shanu a ƙasar nan tarihin gatari ne tun daga farkonsa, kuma aron da muke yi wa tsofaffin motoci ya kai inda zai kai. Lokaci ya yi da za a ƙera wa amalanke gatarinta na kanta.

Kakanninmu sun san abu mai gangarawa. A jikin duwatsun Azbin da wasu sassan Sahara akwai zane-zanen kekunan dawaki masu ƙafa biyu da aka sassaƙa tun kafin zuwan Musulunci da nisa. A shekarun 1820, lokacin da matafiyan Turawa Denham da Clapperton suka sauka a Borno, kafintan ayarinsu, Hillman, ya haɗa wa igwoyin Shehu al-Kanemi ƙafafun da za a riƙa jan su. Duk da haka fatauci ya ci gaba a bayan raƙumi da jaki da takarkari da kan ɗan dako. Masana tarihi irin su Robin Law, wanda ya yi rubutu a kan wannan batu a 1980, sun danganta abin da tsadar gyaran hanya da kuma ƙudan tsando mai sa wa dabbobi sammore. Turbar da jaki zai bi ba ta buƙatar faɗi, ba ta buƙatar gada, kuma babu wanda ke biyan kuɗin shararta. A ƙasar Zuru dalilin ya ƙara ƙarfi, domin Dakarkari da maƙwabtansu sun daɗe suna fakewa da tsaunuka saboda hare-haren ƙarni na 19, kuma nomansu na garmar hannu ne, irin wanda samarin golmo, masu yi wa surukai noman neman aure, suka yi suna a kansa. Mutumin da ke hawa dutse zuwa gida ba shi da abin yi da keke. Ko sunan ma baƙo ne, daga omolanke na Yarbanci Hausa ta samo amalanke.

Turawan mulkin mallaka sun zaci abin da ya rage shi ne a kawo keken kawai. Bayan Gwamna Lugga ya kafa hedikwatarsa a Zungeru a 1902, an share hanyar keken shanu daga can zuwa Zariya don a rage dogaro da 'yan dako, waɗanda kowannensu ke ɗaukar abin da bai wuce kilo 27 ba. Shirin bai yi nisa ba. Damina tana rufe hanya, cuta tana cin shanun, kuma da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 sai hankalin hukuma ya koma kan dogo, daga baya kuma kan motar lori.

Shanu sun dawo ta wata ƙofar a 1928, sa'ad da ma'aikatar gona ta Arewa ta fara shirin noma da kiwo, inda ake ba manomi bashin bijimai biyu da garma. Daga manoma 'yan ƙalilan shirin ya kai dubbai, musamman a ƙasashen gyaɗa da auduga na Kano da Katsina da Zariya. Abin lura shi ne garma ta bazu ta bar keke a baya da nisa, ko da yake manomin da ke da shanun huɗa yana ciyar da su wata goma sha biyu don aikin 'yan makonni, kuma shi ya fi kowa buƙatar abin da zai kai taki gona. Dalilin yana cikin cibiyar ƙafa. Ƙafar ƙarfe ko ta katako da ke juyawa kai tsaye a kan sandar gatari tana gugar ta a kowane zagaye. In an sa giris, yashi da ƙurar hunturu sukan shiga su gauraya da shi su zama kamar dutsen wasa wuƙa. In ba a sa ba, ƙarfe ya ci ƙarfe. Kafin a jima ramin ya buɗe, ƙafa ta fara rawa, shanu na kashe ƙarfinsu wajen yaƙi da gugar maimakon jan kaya. Siririn bakin ƙafar kuma yana nutsewa cikin rairayi da taɓo, yana bugun dutse har kusoshi su saki.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba, kuma maƙeran keken doki na wasu ƙasashe sun fi shekara ɗari suna neman maganinsa. A Ingila, a ƙarshen ƙarni na 18, John Collinge ya fito da gatari mai rufaffiyar cibiya da ke riƙe mai a ciki ta hana ƙura shiga. A 1888 John Dunlop ya yi tayar iska. A 1898 Henry Timken, wanda sana'arsa ita ce ƙera keken doki a St. Louis ta Amurka, ya yi rajistar boris mai 'ya'ya masu tsukakken kai, wanda ke ɗaukar nauyin da ke dannowa daga sama da kuma wanda ke turowa daga gefe idan an sha kwana. Duk waɗannan dabaru an yi su ne, ko an fara gwada su, kafin mota ta zama ruwan dare, sai mota ta gaje su. Mu kuwa ta cikin gawar mota suka iso mana. Da Land Rover da ƙananan motocin ɗaukar kaya suka yawaita, sannan kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, sai gatarin 404 da 504 suka cika wajen 'yan gwangwan, injin walda kuma ya shiga ƙananan garuruwa. Mai walda ya sayi gatari da tayoyinsa, ya ɗora firam, kafinta ya buga katako. Babu hukumar da ta tsara wannan, kuma shi ne ya yi abin da hanyar Zungeru ta kasa: bijimai biyu suka fara jan abin da ya kai tan guda, kayan da sai an tara jakuna fiye da goma.

Yabon da ya dace da masu waldan nan ba zai hana a faɗi aibin abin da ke hannunsu ba. Gatarin bayan mota an yi shi ne don ya karɓi ƙarfin inji ya raba wa ƙafafu biyu, shi ya sa yake da ƙaton kumburi a tsakiya cike da haƙoran ƙarfe. Amalanke ba ta da inji, don haka shanu na jan wannan nauyi a banza duk inda suka nufa, kuma kumburin shi ne ya fi kusa da ƙasa, shi ke karo da kunya da kututture da dutsen da ke tsakiyar hanya. Faɗinsa da tsayinsa na titin kwalta ne. Babbar matsalar kuma ita ce ba ka samun biyu iri ɗaya: wannan na Peugeot, wancan na Toyota, na can na wata motar da aka daina kawo kayanta. Boris ya mutu a tsakiyar kaka a wani ƙauyen Danko-Wasagu, sai mai keke ya kwance shi ya tafi gari yana gwadawa shago-shago, kayansa na zube a gona. Tushen ma yana ƙafewa, domin ƙananan motocin yanzu galibi da ƙafafun gaba suke ja, tsohon ƙarfe kuma ana auna shi a kilo a tura kamfanonin narkarwa.

Maƙwabtanmu sun bi wata hanya dabam, kuma ita ce hujjar da ta fi ƙarfi. A Senegal, tun farkon shekarun 1960, masana'antar SISCOMA da ke garin Pout, wadda daga baya ta koma SISMAR, ta riƙa ƙera kekunan doki da na jaki da na shanu a kan gatarin da aka yi musamman dominsu: miƙaƙƙiyar sandar ƙarfe, cibiya biyu masu boris irin na Timken, da tayoyin iska. Aka haɗa su da bashin manoman gyaɗa, har keken dabba ya zama abin kowane ƙauye a can. Nijar ma ta kafa wuraren ƙera kayan noma a Dosso da Tawa da Damagaram, kuma Dosso tana iyaka ne da Jihar Kebbi. Amfanin irin wannan gatari bai tsaya ga rashin nauyi ba. Da yake girmansa ɗaya ne ko'ina, ɗan kasuwar ƙauye zai iya ajiye boris ɗinsa a kanti yana da tabbacin za a saya, makaniki kuma ya san abin da zai tarar tun kafin ya kwance.

Sai dai kwafo na Senegal yadda yake ba zai wadatar da Zuru ba, domin ƙasarsu shimfiɗaɗɗen rairayi ce, tamu kuwa tudu da gangare da kwazazzabai. Amalanke mai ƙafa biyu kamar ma'auni take, gatari ne tsakiyarta. In an matsar da shi baya da yawa, nauyi ya faɗa wa wuyan shanu ta karkiya har ya yi musu miki. In ya zo gaba da yawa, a kan hawa sai kaya su rinjaya baya, karkiya ta ɗaga ta shaƙe su. A gangare kuwa tan guda yana tura dabbobin daga baya, kuma yawancin amalankenmu ba su da birki ko kaɗan, har da waɗanda gatarinsu ya zo da gangar birkin mota, domin akan bar ta ba a haɗa ba. Birkin hannu mai sauƙi, wanda ke danna katako ko ƙarfe a jikin taya, ba abu ne mai tsada ba, kuma a ƙasar tsaunuka ya kamata a ɗauke shi ɓangaren gatari tun daga wajen ƙira. Wasu za su ce a koma ƙafa huɗu a sauke wa shanu nauyin wuya gaba ɗaya. Gaskiya ne tana saukewa, amma tana buƙatar gatarin gaba mai juyawa, matsalar da ta sa Georg Lankensperger na Munik ya fito da dabarar da Rudolph Ackermann ya yi wa rajista a Landan a 1818. Kuɗi ya kusa ninkawa, kuma siririyar turbar gona ba ta ba ta wurin shan kwana. Irin wannan ta fi dacewa da hanyar kasuwa.

Mai ja da wannan magana zai ce gatarin gwangwan yana aiki kuma da araha, don me za a taɓa shi? Arahar gaskiya ce ranar saye. Amma manomi yana biyan ragowar kuɗin a hankali, da kwanakin da keke ke kwance, da buhunan da ya rage don kada shanu su gaza, da ƙibar da bijimi ke zubarwa kafin a kai shi kasuwa, alhali ribar sayar da shi bayan 'yan shekarun aiki tana cikin manyan abubuwan da ke riƙe da noman shanu tun 1928. Ba kuma ana cewa a hana kowa amfani da tsohon gatari ba ne. Ana cewa ne a samar da na biyu a gefensa, kasuwa ta zaɓa.

Ja na biyu ya fi nauyi: ai zamani ya wuce amalanke, ga babur, ga mai ƙafa uku, ga tarakta, kuma ɓarayin daji sun kwashe shanun mutane da yawa a Danko-Wasagu da Sakaba, wa zai sa kuɗinsa a keken da ba shi da abin ja? Batun satar shanu ciwo ne na gaske, kuma babu gatarin da zai warkar da shi. Amma shi kansa yana ƙara nuna buƙatar keke marar nauyi, domin wanda ya rasa bijimai biyu zai iya komawa ga jaki ɗaya ko sa ɗaya idan gatarin bai fi ƙarfinsu ba, abin da ƙaton gatarin mota ba ya bari. Babur kuwa buhu biyu ko uku yake ɗauka, ba ya kai taki ko kara ko tubali yadda ya kamata, kuma tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace tafiyarsa ta ƙara tsada. Bijimi harawa da kara da dusa yake ci, abin da gonar da yake yi wa aiki ke bayarwa.

Wurin da ya dace a yi wannan aiki yana cikin Zuru kanta. Tsohuwar Kwalejin Aikin Gona ta garin ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020, kuma masu waldan da suka san kowace irin karaya da amalanke ke yi suna nan a bakin titi kusa da ita. Abin da ake buƙata ƙarami ne idan aka kwatanta da sayen tarakta: a tsayar da girman gatari biyu, ɗaya na jaki ɗaya na shanu, a zaɓi boris da rim ɗin da suka fi samuwa a shagunan Zuru da Kontagora da Yawuri, a sa murfin da zai hana ƙura, a haɗa birki, sannan a ɗora wa keken buhuna a gwada shi damina da rani a kan gangaren Dabai da hanyoyin gonakin Fakai kafin a raba wa maƙera ma'auninsa.