Amsoshin Wasiƙunku: Tarihin Makullin Bindigar Harbin Ɓauna

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, falke mai fataucin wake da albasa tsakanin Mubi da Garwa ta ƙasar Kamaru. Ya ce ya ga bindigar wani Bature mai farautar ɓauna a hannun mai ɗaukar masa kaya, aka gaya masa wai an cire makullinta na asali an sa wani. Shi ne yake tambaya, me zai sa a taɓa makullin bindiga? Ko maƙeran Turawa ma sukan yi kuskure ne?

To Malam, mun gode da wasiƙarka, ga kuma amsa. Irin bindigar da ka gani mai sakata ce. Wato a bayanta akwai wani ƙarfe mai mariƙi, kamar sakatar ƙofa, a ɗaga shi a ja baya ya tofar da kwanson harsashi, a tura gaba ya ɗora sabo. A cikin sakatar akwai wata allura mai bugun gindin harsashi in an ja kunama. Makulli kuwa, wanda maharba ke kira sefti, shi ne ɗan ƙarfen da ke hana bindiga tashi kafin mai ita ya yi niyya.

Uwar irin waɗannan bindigogi ita ce wadda Paul Mauser ya ƙera a garin Oberndorf na ƙasar Jamus, sojan Jamus suka karɓe ta a 1898. Makullinta kamar 'yar tuta yake a ƙeyar sakata, yana da mazauni 3. In ya kwanta hagu, bindiga a shirye take. In ya miƙe tsaye, ba ta tashi, amma kana iya buɗe sakata ka zazzage harsasai. In ya kwanta dama, ya kulle komai. Babban amfaninsa shi ne allurar kanta yake riƙewa, ba kunama kaɗai ba.

Ba a daɗe ba maharban manyan namun daji suka rungume ta. A 1905 wani maƙerin Balin mai suna Otto Bock ya fito da harsashi 9.3x62, wanda Jamusawa mazauna Afirka suka yi ta aiki da shi. A Landan kamfanin Rigby ya fito da .416 a 1911, Holland & Holland kuma .375 a 1912, aka riƙa ɗora su kan ƙirar Mauser don giwa da ɓauna da zaki.

To ina gizo ke saƙa? Soja aka yi wa 'yar tutar nan, mai auna abu da ƙwayar idonsa. Da maharba suka fara ɗaura madubin hangen nesa a gadon bayan bindiga, sai ya zama tutar ba ta da wurin juyawa, tana karo da madubin. Ka ga ba kuskuren maƙeri ba ne, zamani ne ya zo da abin da bai yi wa tanadi ba. Nan fa maƙeran bindiga suka shiga sauya ta. Wasu suka sa gajeriya mai mazauni 2. Wasu suka kwaikwayi Winchester Model 70 ta Amurka, wadda ta fito a 1936, mai makullin da ke juyawa a kwance maimakon ya tashi sama. Shi ma mazauninsa 3, kuma allura yake riƙewa. Wanda ɓauna ta taso wa ba shi da lokacin lalube, da babban yatsa yake so ya tura abu gaba ya harba. Ina kyautata zaton irin wannan ka gani a Garwa.

Amma Malam, ba kowane makulli ne ɗaya ba. Remington Model 700, wadda ta fito a 1962, nata makullin a jikin kayan kunama yake, kuma a ƙirar farko sai ka buɗe shi kafin sakata ta buɗu. Wato mai son fitar da harsashi dole ya fara mai da bindiga a shirye. Aka yi ta kai ƙara cewa wasu na tashi da zarar an buɗe makulli, ba a taɓa kunama ba. A 1982 kamfanin ya sauya ƙira yadda za a iya zazzage harsashi makulli na rufe. A shekarar 2000, a jihar Montana, wani yaro ɗan shekara 9 ya rasu lokacin da mahaifiyarsa ke ƙoƙarin fitar da harsashi daga irin wannan bindiga. Kamfanin bai amsa cewa ƙirarsa na da aibi ba, amma a 2014 ya yarda zai sauya kunamar miliyoyin bindigogi.

Ka ga ke nan, in masu injuna da ma'auni sun sha wannan wuya, ina ga mai zarto a gindin bishiya? Tazarar da ke tsakanin ƙarfen da ya riƙe allura da wanda ya sake ta ba ta kai kaurin farce ba. A goge ta kaɗan, bindiga ta fara tashi don an buga gindinta a ƙasa. Shi ya sa sauya makulli aikin gwanin maƙerin bindiga ne, wanda zai gwada ta babu harsashi kafin ya miƙa wa mai ita.

Ku ma 'yan'uwa manoma masu bindigar toka don korar birai da gyado, wannan magana ta shafe ku. Kada a rataye ta a ɗure inda yara ke wasa, kada a hau keke ko a tsallake shinge da ita kunama a ɗane. Makulli ƙarfe ne, yana cinyewa, yana tsatsa. Wanda ba ya lalacewa shi ne kada bakin bindiga ya taɓa kallon mutum, ko da ka rantse babu komai a cikinta.

Da fatan Malam ya gamsu. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mun sake ji daga gare ka.