Masu Gadin Intanet: Daga Ina Aka Faro?

Yau ina so mu koma baya, mu ga inda aka faro aikin sa ido a kan intanet: yadda ake gane layin da ya mutu, da yadda ake ƙirga datar da kowa ya sha.

Tun farkon shekarun 1970, kamfanin BBN da ya ƙera na'urorin ARPANET, kakar intanet, yana da ɗakin sa ido a Cambridge ta Amurka. Kowace na'ura tana turo rahoton lafiyarta a kai a kai. Har ta kai injiniyoyin kan buga wa kamfanin tarho waya su ce layinku na wuri kaza ya samu matsala, alhali masu layin ba su ma sani ba.

To amma ranar 27 ga Oktoba 1980 abin ya fi ƙarfin masu gadi. Ku saurara da kyau, nan ne daɗin labarin. Na'urorin suna aika wa juna saƙon hanya, kowane saƙo da lambarsa, daga 0 zuwa 63, sai a zagayo. Wata na'ura mai matsala ta ɓata lambar saƙo ɗaya, ya zama kwafi uku: 8, 40 da 44. A ƙa'idar lissafin, 44 ta fi 40 sabunta, 40 ta fi 8, ita kuma 8, saboda zagayen nan, ta fi 44. Kun ga an yi kan gado ke nan? Duk wanda ya iso, sai na'ura ta ce sabo ne, ta watsa wa maƙwabta. Saƙo uku kacal suka cika hanya, ARPANET ta tsaya na sa'o'i. Eric Rosen ya rubuta bayanin abin a RFC 789.

Daga nan kayan aiki suka yi ta fitowa. A Disambar 1983 Mike Muuss ya rubuta ping, wadda aikinta shi ne ƙwanƙwasa ƙofar kwamfuta a ji ko za ta amsa. A 1988 aka fito da SNMP, yaren da manhaja ke tambayar na'ura: nawa ya shiga, nawa ya fita, wace ƙofa ce ta mutu? Matsalarsa ta farko tsaro: kalmar sirrin tana tafiya a fili, kuma da yawa ba sa canza wadda na'ura ta zo da ita.

A 1995 Tobias Oetiker, yana aiki a Jami'ar De Montfort a Ingila, ya rubuta MRTG saboda layinsu mai kilobit 64 kullum a cike yake. Duk minti biyar manhajar ta tambayi na'ura, ta zana hoto kore da shuɗi, kowa ya gani da idonsa. A 1996 Cisco ta kawo NetFlow, wadda ke nuna wa ya yi magana da wa, kuma nawa ya kwasa.

Nan kuɗi ya shigo. Manyan dillalan intanet da yawa suna auna layi duk minti biyar, ƙarshen wata su zubar da kashi 5 cikin 100 mafi tsanani, wajen sa'o'i 36 ke nan, su caji kan abin da ya fi yawa a ragowar. Ni a ganina darasin a nan yake: mai riƙe da mudu shi ke da ta cewa a ciniki. Shi ya sa idan datarka ta ƙare ba ka gane ba, fara duba ma'aunin da ke cikin wayarka, ka samu hujja kafin ka kira su.

Kuma ku tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke, intanet ta yi rauni a Najeriya da Ghana. Irin waɗannan ma'aunai ne suka nuna girman ɓarnar tun kafin jirgin gyara ya tashi.

Ku gaya mini a ƙasa, kun taɓa gwada ping? Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.