Injin Bincike

injin bincike (suna, namiji, jam'i: injunan bincike) Manhajar da ke nemo wa mutum bayani a intanet idan ya rubuta kalmomin abin da yake so, kamar Google, Bing ko Baidu na ƙasar Sin.

Da yawa suna zaton sai an tambaya injin yake shiga ya zagaye intanet. Ba haka ba ne. Dare da rana wasu ƙananan manhajoji suna bin mahaɗi daga shafi zuwa shafi, suna kwafo abin da ke ciki. Da shi ake gina fihirisa, inda kowace kalma take tare da jerin shafukan da ta fito. Fihirisar nan ake dubawa, shi ya sa amsa ke zuwa nan take.

Babban aikin shi ne tantance shafin da zai zo sama. Larry Page da Sergey Brin, da suka kafa Google a 1998, sun ɗauki yawan mahaɗan da ke nuni ga shafi, da darajar masu nunin, a matsayin shaidar ingancinsa. Shafin da bai shiga fihirisa ba kuwa, komai amfaninsa, ba zai fito ba.

Misali: Malam, a injin bincike na samo tarihin ganuwar Kano.